Waƙar da Ta Kira Sunan Ɗantala

In da cika baki sana'a ce, da tuni Ɗantala ya gina bene a Doha. Mutumin Tudun Wadan Zariya ne, shekararsa arba'in da ɗaya, ga tumbi ga murya, kuma aikinsa guda ɗaya ne tak. Yana zaune cikin wani ɗan akurkin gilashi a ƙofar wani otal, mota ta zo ya danna maɓalli sanda ta ɗaga, mota ta wuce ya danna ta sauka. Shi ke nan fa! Amma je ka Asian Town ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, inda 'yan Arewa ke haɗuwa shan shayin karak, ka ji yadda yake baza ta. Wai shi ne shugaban tsaron otal ɗin kaf, mutum sittin ne a ƙarƙashinsa, ko mudir, wato manaja, ba ya yin tari sai ya nemi izininsa.

Duk wannan ƙaryar saboda mace ɗaya ake shirga ta. Haulatu, nas ce a wani asibiti, bazawara mai hankali da ke zaune a gidan ma'aikata a Madinat Khalifa. Ɗantala na sonta tsakani da Allah, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Waliyyinta a nan shi ne Kawu Nasidi, dattijon direba da ya shekara ashirin a gidan wasu Larabawa a Nu'aija. Ranar da Ɗantala ya je gaishe shi da maganar, abu ɗaya tsohon ya faɗa.

"Ni ban ƙi talaka ba, ɗana. Maƙaryaci na ƙi. Mijinta na fari ƙarya ce ta raba su. Ka ba ni wata uku in dube ka."

"Kawu, ai ni ko a mafarki ba na ƙarya," in ji Ɗantala.

Wannan ita ce ta farko a ranar.

To, wata Talata da rana yana gyangyaɗi a akurkinsa, sai ga motar wani Bature ta tsaya, gilashi a sauke, kiɗa na tashi kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali. Can cikin hayaniyar wani ƙato ya kurma ihu: "Ɗantalaaa! Ɗantalaaa!" Gogan naka ya zabura, ya zaci mudir ne, ya ƙame zai sara, kansa ya daki rufin akurki. Da ya gane daga rediyon motar ihun ke fitowa, sai ya bi wani ɗan Filifin mai faka motoci da naci har ya nemo masa waƙar ya sa masa a waya. Ashe tsohuwar waƙa ce ta wasu gardawan Ingila masu gashi har gadon baya, irin kiɗan nan mai nauyi da ake kira rok. Ta fito a 1975, shekarar da aka haifi Ɗantala.

Kafin Juma'a ta zagayo, labari ya nuna har ya yi zaƙi.

"Ku saurara da kyau," ya ce, ya kafa wayar tsakiyar tebur. "Ga shi nan! Kun ji? Sunan wa aka kira?"

"Wallahi kamar Ɗantala ya ce," in ji wani direba.

"Ba kamar ba ne. Mutanen nan sun ratso Sahara a mota za su Legas, motarsu ta mutu a Kwangila. Mahaifina, Malam Surajo, shi ya gyara ta. Ranar Talata ce, a ranar aka haife ni. Suka zauna har suna, suka ci rago. Babban mawaƙin ya ɗauke ni na yi masa fitsari a wando, ya ce yaron nan zai yi suna a duniya. Yana komawa gida ya tsara waƙar."

"To me sauran waƙar ke cewa?"

"Kirari ne. Da Turancin Landan."

Wajen ya ɗauki ra'ayi iri-iri. Wani ya ce shi bai ji waƙa ba, ya ji dai kamar ana fafatawa da mai aljanu. Wani ya ce in kirari ne wannan to gara zagi. Amma sunan kam kowa ya ji shi raɗau, kuma wa zai yi musu da kunnensa?

Mutum ɗaya ne ya ƙware da shayi. Manasseh, ɗan Kagoro, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda ke kaɗa jita a cocinsu, kuma ɗakinsa na kallon na Ɗantala a masaukin ma'aikata.

"Oga, waƙar nan na san ta tun ina sakandare. Abin da yake cewa shi ne..."

"Dakata, malam! Kai Turancin mishan ka iya, na 'yan kwayar coci. Wannan na cikin Landan ne, ko a Ingila ba kowa ke jin sa ba. Ka tsaya a iskar gas ɗinka."

Aka yi dariya. Manasseh ya goge bakinsa ya ce, "Khalas, shi ke nan. Na yi shiru."

Da za su hau bas, Ɗantala ya ja shi gefe, domin Manasseh kan je gyara a otal ɗin, ya san akurki ya san sanda.

"Mutumina, wasa nake yi ɗazu. Maganar ƙofar nan fa, in kun haɗu da Haulatu, don Allah kada ka gaya mata."

Manasseh ya dube shi, sai ya fashe da wata irin dariya har yana riƙe ƙarfen bas.

"Me na faɗa na dariya?"

"Babu, Oga. Na dai yarda yanzu. Waƙarka ce."

Haulatu kuwa ba ta taɓa sauraron waƙar ta kai ƙarshe ba. Da ya kunna mata sai ta toshe kunne ta ce, "Malam Ɗantala, na wuni cikin kukan marasa lafiya, kada ka ƙara mini wani." Kawu Nasidi ya ji sau ɗaya, ya yi a'uziyya, ya ce in dai da gaske mahaifinsa ya taimaki baƙi a hanya, to wannan abin kirki ne, ihun kuma Allah ya shirye su.

Da a nan abin ya tsaya, da an sha. Sai ga takarda an liƙa a otal: babban mawaƙin nan, wanda yanzu shi kaɗai ya rage a raye cikinsu, zai yada zango a Doha. Ranar Juma'a da la'asar zai zauna a lambun otal ɗin ya ba da tarihin waƙar, ya sa wa masoya hannu a faifai. Labari ya riga Ɗantala isa Asian Town.

"Ka ga ikon Allah! Ubangidanka zai zo har wurin aikinka!" in ji wani direba.

Mai hankali a nan zai ce zazzaɓi ya kama shi. Ɗantala sai ya gyara zama ya ce ai shi ya gayyato shi. Ya ce kowa ya zo, shiga kyauta, kuma a gaban Baturen nan zai nemi amsar Kawu Nasidi, don a san ba da ƙaramin mutum ake magana ba. Lissafinsa mai sauƙi ne: tsoho ɗan shekara saba'in ai ya manta abin da ya ci jiya, balle na shekara arba'in. In ya rungume shi ya tuna masa da Kwangila, zai ce haka ne, don Bature ba ya son jayayya a bainar jama'a.

Aka shiga shiri. Ya sayi baƙar rigar fata a wani shago, wadda mai shagon ya rantse fatar sa ce, alhali ko makaho ya shafa ya san leda ce. Ya sayi wando matsattse da sai da mutum biyu suka taya shi ja. Ya sayi gashin kanti na mata mai tsawo, ya ce a hoton faifan haka suke. Sannan ya ga a bidiyo masoya wannan kiɗa suna kaɗa kai sama da ƙasa kamar ƙadangare ya ga bango, ya ce wannan ma sai ya iya. Kwana biyu yana yi a ɗaki. A na uku wuyansa ya ce ƙas, ya tsaya cak yana kallon gabas.

Ina za a kai shi? Asibitin su Haulatu, domin nan katinsa yake. Tana shigowa ta gan shi an naɗa masa farin abin tallafe wuya.

"Subhanallahi! Me ya same ka?"

"Ɓarayi ne. Su uku. Na kama biyu."

"A Doha?"

"Baƙi ne."

Ta dube shi ta ɗan jima, sannan ta rubuta masa magani. Manasseh da ya rako shi yana bakin ƙofa yana kallon silin. Da suka fito Ɗantala ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, don wuya ba ya juyuwa.

"Maganar kaɗa kan nan ma, kada ka gaya mata."

"Oga, ka daina, cikina zai yi ciwo."

Saura matsala ɗaya: ranar Juma'ar shi ke kan ƙofa. Ya lallaɓa Bawah, wani mai gadi ɗan zangon Kumasi, ya yarda zai riƙe masa. Ranar na zuwa, ƙarfe biyu, aka tura Bawah wani reshen otal ɗin. Mudir ya leƙo ya ce, "Ɗantala, yau akwai baƙi da yawa. Ka motsa daga ƙofar nan, ka motsa daga Qatar. Yalla, maza!"

Sai ya yi dabara irin tasa. Ya bar kakin aiki da rigar nan mai ƙyalli ruwan lemo a ciki, ya ɗora rigar leda a kai ya ja zif har wuya, ya cusa rediyon oba-oba a hammata, ya kifa gashi. Watan Mayu ne, ranar Doha kuwa ba ta san wasa ba. Kafin ƙarfe uku gumi ya cika masa takalmi.

Motar Kawu Nasidi ta kunno kai, Haulatu a baya, Manasseh a gaba. Ɗantala ya nutse ƙasan akurki, ya miƙo hannu ɗaya ya laluba maɓalli. Sanda ta ɗaga.

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Ƙofar ma da kanta take buɗewa."

"Tsarin shugaban tsaro ne, Baba," in ji Manasseh.

Suna wucewa sai ga tasi ta sauke wani tsohon Bature a bakin ƙofa. Kansa tal kamar ƙwarya, gajeren wando, silifas, da 'yar jakar leda a hannu. Ya nufo ƙaramar ƙofar masu tafiya a ƙasa. Ɗantala, da haushin zafi ya riga ya cika shi, ya fito ya tare hanya da Turancinsa na kasuwa.

"Ina zuwa?"

Tsohon ya ce ciki zai shiga, ana jiransa.

"Ana jiranka! Yau taron manya ne, Baba. Babban mawaƙin duniya zai zo, abokin mahaifina. Ba a shiga da silifas."

Tsohon ya ce ai shi ne mawaƙin.

Ɗantala ya yi dariya har wuyansa ya amsa. Ya zaro waya ya nuna masa hoton faifai. "Ka ga gashi? Kai ina naka? Mutumin da ya ɗauke ni a hannunsa ne zan kasa ganewa? Zagaya baya, ƙofar masu kawo kayan miya. Yalla, yalla!"

Tsohon ya kalli gashin kantin, ya kalli rigar leda, ya girgiza kai ya bi rana ya zagaya.

Ƙarfe huɗu Ɗantala ya ji tafi daga lambu. Ya sauke sanda, ya kulle akurki, ya bar ƙofa a hannun Allah. Lambun ya cika da Turawa masu furfura da baƙaƙen riguna, ga 'yan Asian Town su wajen ashirin sun yi layi a baya da manyan kaya kamar masu zuwa ɗaurin aure. Ya kutsa ta tsakiya yana ɗingishi saboda wando, ya ɗaga ido ya dubi dandamali.

Silifas ɗin ya fara gani.

Wani ma a nan zai juya. Amma Haulatu ta riga ta hango shi, 'yan Asian Town sun fara "Ga shi nan! Ga mai waƙa!" Sai ya rufe ido ya haye dandamali, ya buɗe hannuwa.

"Baba! Ni ne! Ɗantala! Kwangila! Rago!"

Tsohon ya ja da baya, ya ɗauki makirfo ya yi magana, Turawa suka kwashe da dariya.

"Me ya ce?" Kawu Nasidi ya tambayi Manasseh.

"Ya ce, a'a, ga mai gadin da ya kore ni."

"Wasa ne!" Ɗantala ya yi ihu da Hausa. "Wasan jika da kaka ne!"

Daidai nan hammatarsa ta yi ƙara. Muryar mudir ta fito tar, makirfo ya ɗauka ya watsa wa lambu: "Ɗantala! Ƙofa! Mota talatin a titi! Ina mai ƙofa?" Daga waje kuwa hon ake yi kamar an ɗaura auren direba. Ya kai hannu zai kashe rediyon, zif ya ce ɓarrr tun daga wuya har cibiya, rigar ruwan lemo ta bayyana tana ƙyalli, da lambarsa a ƙirji. Ya sunkuya zai rufe, gashi ya zame ya faɗa kan silifas ɗin tsohon. Wando ma bai bari an bar shi a baya ba.

Tsohon dai mutumin kirki ne. Da dariya ta lafa ya tambaya me ya sa bawan Allahn nan yake zaton sun san juna. Manasseh ya miƙe ya yi masa bayani tiryan-tiryan, har da fitsarin. Tsohon ya share hawaye, ya ce shi ko taswirar Najeriya bai taɓa riƙewa ba. Sannan ya matso da makirfo ya furta amshin waƙar a hankali, kalma bayan kalma, ba ihu ba jita:

"Don't. Tell. Her."

"Fassara mini," in ji Kawu.

Manasseh ya gyara murya, don wata biyu yana jiran wannan rana. "Baba, cewa yake yi: kada ka gaya mata."

'Yan Asian Town suka zube. Wani har da birgima a ciyawa da babbar riga.

Tsohon ya ci gaba da tarihinsa, Manasseh na juyawa. Ya ce wani maƙwabcinsu ne aka sauke daga muƙaminsa a masana'anta aka mai da shi mai shara. Kullum sai ya sa kwat ya fita kamar yana nan a ofis, yana bin abokai ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kada su gaya wa budurwarsa. A kansa ya rubuta waƙar, cikin minti ashirin, a bayan takardar burodi. Da ta fito gidajen rediyo suka ƙi sa ta, masu sharhi a jarida suka ce hayaniya ce kawai. Sai ma'aikatan masana'antu suka yi ta saye, domin kowa ya san irin mutumin nan a unguwarsu.

Sai Haulatu ta ɗaga hannu. Ta miƙe ta gyara mayafi, ta yi tambaya da Turanci mai kyau wanda ya fi na Ɗantala nesa ba kusa ba, ta kuma maimaita da Hausa don kawunta.

"Ita budurwar, ta sani?"

Tsohon ya ce tun ranar farko ta sani. Jira ta yi ta yi ya faɗa mata da bakinsa. Bai faɗa ba, ta tafi.

Haulatu ta juyo ta dubi Ɗantala, wanda ke tsaye hannu ɗaya riƙe da wando ɗaya riƙe da gashi.

"Malam Ɗantala, bas ɗin asibitinmu ta gaban ƙofar nan take bi kullum da safe. Wata huɗu ina ganinka ta taga kana ɗaga sandar nan. Ban ga abin kunya a ciki ba, ko sau ɗaya. Mahaifina dako ya yi a Kantin Kwari ya biya mini makaranta. Ni ce na roƙi Kawu ya ba ka wata uku, ko za ka faɗa."

"Haulatu, ai dama yau nake shirin..."

"Kada ka ƙara wata ƙaryar a kai."

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don sai a lokacin ya gane matar nan, ko da sandar tasa, ta riga ta yarda da shi.

Mudir ya iso yana huci, ya tasa ƙeyarsa zuwa ƙofa, ya ce maganar aikinsa sai gobe a ofis, yanzu dai ya je ya kwance cunkoson da ya haɗa. Haka ya koma akurki da abin wuya da yagaggen wando, yana danna maɓalli, direbobi na zaginsa da harsuna bakwai.

Can sai ga motar Kawu Nasidi ta zo fita. Ta tsaya a gaban sanda. Haulatu na baya tana kallon ɗaya gefen. Kawu ya sauke gilashi a hankali.

"Ɗana, ka ce a gaban Bature kake son amsa. Ina jin ka same ta."

"Kawu, a yi haƙuri, a ƙara mini ko wata ɗaya."

"Ka ce Bature ya yi maka waƙa, muka yi ta shakka. Ashe nan kaɗai ka faɗi gaskiya, taka ce tun daga farko har ƙarshe." Ya nuna sandar da haɓa. "Ɗaga mana, shugaba."

Ɗantala ya danna maɓalli. Sanda ta ɗaga, motar ta fita da Haulatu, ya bi ta da ido iyakar inda wuyansa ya yarda ya juya.